Dimokuraɗiyya: wa ke riƙe da wa a cikin kalmar nan?

Duk tashar da ka murɗa kwanan nan sai ka ji "romon dimokuraɗiyya". An haƙa rijiyar burtsatse romo ne, an raba buhun shinkafa romo ne, wallahi abin yana ci min tuwo a ƙwarya domin ginin kalmar kansa bai yarda da wannan fahimtar ba.

Cewa daga Girkanci take, demos jama'a, kratos ƙarfi ko iko, wannan kowa ya haddace. Inda gizo ke saƙar a nahawu ne. A tsohon Girkanci ƙarshen kalma ke nuna wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa, jerin kalmomin kuwa yana da sassauci sosai, kamar dai i'irabin da muka koya a Islamiyya, Zaidun shi ya yi duka, Amran shi ya sha, ko wanne ka fara ambata. In ka ce demos, jama'a ce fa'ili, wato mai aikin. Demon, a kanta aikin ya faɗa. Demou, na jama'a. Sai ta huɗu, demoi mai dogon wasali, ma'ana an ba jama'a ko an yi mata.

To amma idan aka haɗa kalma biyu suka zama ɗaya wannan ƙarshen faɗuwa yake, a bar "demo" kawai, dole sai ka duba yadda mutanen Atina suke faɗinta kafin ka gane matsayin jama'ar. Demarchos shugaban gunduma ne, a nan jama'a ake shugabanta. Demagogos mai jan jama'a, nan ma su ake ja. A demokratia kuwa su ne masu ikon, daidai da aristokratia inda zaɓaɓɓun gari ke riƙe da shi. Ɗan siyasan da ke cewa ya kawo mana romo ya ɗauke mu daga fa'ili ya ajiye mu a waccan ta huɗun, masu miƙa hannu a ba su, kuma ni ban ga yadda za a kira wannan da sunan da Girkawa suka raɗa ba.

Su a aikace ma haka suka yi. Bayan gyaran tsarin mulki da Kleisthenes, wani jagoran Atina, ya yi wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), 'yan ƙasa da kansu ke hawa tudun Pnyx su ɗaga hannu kan yaƙi da doka, majalisar mutum 500 mai shirya musu zaman kuma da ƙuri'ar sa'a ake cike ta, har masanin falsafa Aristotle ya rubuta cewa ana ɗaukar zaɓe a matsayin hanyar mulkin tsiraru. Mata da bayi da baƙi dai ba su cikin demos ɗin nasu, wannan zalunci ne kuma ba na kare shi.