Rabin Kuɗi Daga Tarayya, Fili Kuma Ya Zama Na Jama'a Har Abada: Fashin Baƙin Dokar LWCF ta Amurka

A Amurka, idan hukumar wani gari tana son sayen fili don yara su samu wurin buga ƙwallo, ko tana son fitar da turbar tattaki a bakin kogi, akwai asusun gwamnatin tarayya da za ta iya neman tallafi a cikinsa. Sunansa Land and Water Conservation Fund, ana taƙaita shi da LWCF. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa wa dokarsa hannu ranar 3 ga Satumba, 1964, ta kuma fara aiki a farkon 1965. Tun daga 1968, mafi yawan kuɗin asusun yana fitowa ne daga abin da kamfanonin mai da iskar gas ke biyan gwamnati don su haƙo a cikin teku, musamman a Mashigin Tekun Meziko. Hujjar waɗanda suka tsara haka ita ce man da aka zuƙe daga ƙarƙashin teku ba zai dawo ba, don haka ya kamata wani kaso na kuɗinsa ya koma dukiyar da jikoki za su tarar a doron ƙasa.

Tun 1978 doka ta ware wa asusun dala miliyan 900 a kowace shekara, amma an daɗe ana ganin adadin a takarda kawai, domin majalisar dokoki takan saki abin da ta ga dama ne, saura ya tafi wasu hidimomi. Wa'adin dokar ma ya taɓa ƙarewa a Satumban 2015, aka ƙara mata shekara uku, ya sake ƙarewa a 2018. A watan Maris na 2019 ne aka mayar da ita ta dindindin, sannan ranar 4 ga Agusta, 2020, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar Great American Outdoors Act, wadda ta wajabta fitar da dala miliyan 900 ɗin cif kowace shekara. Aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin na ayyukan tarayya ne, aƙalla kashi 40 kuma tallafi ne ga jihohi. A cikin wannan kaso na biyu ne garuruwa ke samun rabonsu, kuma ayyukan da aka yi da shi tun farkonsa sun haura 40,000, kusan babu gundumar da bai taɓa ba.

Mai nema ba Washington yake aika takardarsa ba. Hukumar National Park Service, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, ita ke riƙe da shirin, amma takan raba kuɗin ne ga jihohi, kowace jiha kuma tana da jami'in da aka ɗora wa alhakin hulɗa da tarayya a kan wannan asusu. Ofishinsa ne ke sanar da buɗe karɓar takardu, ya tantance su, ya ba su maki, ya miƙa waɗanda suka yi nasara ga tarayya don amincewar ƙarshe. Waɗanda doka ta yarda su nema su ne hukumomin gwamnati: jiha, gunduma, birni, ƙaramin gari, da gwamnatocin ƙabilun Indiyawan asali. Ƙungiyar unguwa ko ta sa-kai ba ta neman wannan kuɗi da sunanta, komai kyan niyyarta. Abin da za ta iya shi ne ta shawo kan hukumar garinta ta nema, ita kuma ta taimaka da tara kuɗi, da kawo mutane zaman jin ra'ayin jama'a.

Kafin jiha ta taɓa ko sisi, dole ta kasance tana da kundin tsarin wuraren shaƙatawa na jiha baki ɗaya, wanda ake kira SCORP, ana kuma sabunta shi duk bayan shekara biyar. A ciki ne jiha ke bayyana abin da mutanenta suka fi buƙata, ko turbobi ne, ko filayen wasan yara, ko hanyar kai wa ga ruwa. Da wannan kundi ake auna kowace takarda. Garin da ya zo da buƙatar filin wasan tanis alhali kundin jiharsa ya ce ƙishirwar jama'a ta turbobin keke ce, ya rage wa kansa maki tun kafin a buɗe fayil ɗinsa. Shi ya sa karanta kundin nan ke gaba da zana taswirar aiki.

Sai maganar kuɗi, inda da yawa ke tuntuɓe. Tarayya ba ta biyan fiye da rabin kuɗin aiki. Wanda ya san yadda jihohin Najeriya ke ajiye nasu kason kafin su karɓi tallafin ilimin bai-ɗaya daga UBEC ya san irin tsarin. A ɗauka aikin gina filin wasa da banɗaki da fitilu zai ci dala 600,000. Tarayya za ta ɗauki 300,000, gari ya nemo 300,000. Ba lallai ne rabon gari ya zama tsabar kuɗi duka ba. Filin da wani attajiri ya bayar kyauta yana iya shiga lissafi da darajarsa, haka kayan gini da aka ba da gudummawa, haka ma gumin 'yan sa-kai, matuƙar an rubuta komai. Akwai takardar da ake ajiyewa a wurin aiki, kowane ɗan sa-kai ya rubuta sunansa, da ƙarfe nawa ya zo, ƙarfe nawa ya tashi, da aikin da ya yi, mai kula da aiki ya sa hannu a ƙasa. Wanda ya wuni yana turin baro bai sa sunansa a takardar nan ba, ladansa na wurin Allah, amma a lissafin tallafi bai zo ba. Kuɗin wata hukumar tarayya kuwa ba a cika yarda a yi ciko da shi ba, sai 'yan shirye-shiryen da doka ta keɓe, kamar tallafin raya unguwanni na CDBG.

Ko rabin da tarayya ta ɗauka ba a gaba ake miƙa shi ba. Gari ne zai biya ɗan kwangila daga aljihunsa, ya tara rasit da shaidar biya, ya aika wa jiha, sannan a mayar masa da rabin abin da ya kashe. Ke nan dole baitulmalin gari ya iya ɗaukar nauyin aikin na tsawon watanni kafin kuɗi su dawo. Kuma galibin abin da aka kashe kafin amincewar tarayya ta fito a rubuce, ba a mayarwa. Garin da ɗoki ya ɗebe shi ya sayi fili ko ya kira katafila tun takardarsa tana kan tebur, ya yi wa kansa asara, sai dai idan tun farko ya nemi izini na musamman a rubuce saboda filin na shirin kuɓucewa. Idan saye za a yi, ƙwararren mai ƙiyasi ne zai fitar da darajar filin bisa ƙa'idojin tarayya. Za a duba tasirin aikin ga muhalli, a kuma duba ko akwai kayan tarihi ko tsofaffin kaburbura a wurin, kamar yadda dokar adana tarihi ta 1966 ta tanada. Dole mai keken guragu ya iya shiga ya yi amfani da wurin. Ba a biyan albashin masu shara ko kuɗin yankan ciyawa da wannan tallafi, gine-ginen da ake wasa a cikinsu a rufe ma galibi ba sa shiga, domin shaƙatawa a sarari aka yi asusun dominta.

Duk waɗannan ƙa'idoji ana gamawa da su cikin 'yan shekaru, galibi uku. Wanda ba ya ƙarewa shi ne Sashe na 6(f)(3), kuma a ganina shi ne ƙashin bayan dokar baki ɗaya. Sashen ya ce duk filin da aka saya ko aka gyara da kuɗin asusun nan, ba za a juya shi zuwa wani abu da ba shaƙatawar jama'a a sarari ba, sai da amincewar sakataren cikin gida na tarayya. Babu wa'adi a ciki. Abin ya yi kama da wakafi: ranar da gari ya karɓi kuɗin, hannunsa ya ɗauru a kan filin, magajin garin yau da na shekara hamsin masu zuwa duk ɗaya.

A cikin takardun neman tallafi akwai taswira guda da ake zagaye iyakar filin da layi, jami'in gari ya sa hannu ya rubuta kwanan wata. Layin nan yawanci ba ya tsayawa a kan ɗan wurin da aka kashe kuɗin. Ko lilon yara kawai aka kafa a kusurwa ɗaya, akan zagaye dukan wurin shaƙatawar ne. Akan kafa allo a bakin ƙofa mai nuna cewa asusun LWCF ya sa hannu a wurin, jami'an jiha kuma kan zo duba duk bayan shekara biyar. Idan suka tarar an gina ofishin 'yan kwana-kwana a ciki, ko makaranta, ko an yanki gefe an ba titi, ko an kafa turken sadarwa na wani kamfani, to an karya sharaɗi, ko da kuwa abin da aka gina alheri ne ga jama'a. Hatta rufe wani sashe don wani amfani na wucin gadi, idan ya wuce wata shida, ana lissafa shi a matsayin sauya fili.

Mayar da kuɗin da aka karɓa ba ya warware matsalar, domin doka ba kuɗi take nema ba, fili take nema. Dole gari ya kawo wani filin a madadi, wanda darajarsa a kasuwa ba ta gaza ta wanda aka ɗauke ba, amfaninsa da wurin da yake kuma su yi kusan daidai. Darajar kuma ta ranar sauyin ake dubawa. A ɗauka wani gari ya karɓi dala 40,000 a 1975, yau kuma filin ya zama tsakiyar birni, darajarsa ta kai miliyoyi, to filin miliyoyi zai nemo. Ba zai kuma ɗauko wani wurin shaƙatawa da jama'a ke amfani da shi tun da can ya ce ga madadi ba. Wannan ne ya sa nake ganin sashen ya fi kuɗin kansa daraja. Fili a cikin gari kullum yana da masu kwaɗayinsa, kuma kowanne da dalilinsa mai daɗin ji. Yara masu buga ƙwallo da tsofaffi masu shan iska ba su da lauya, sai wannan layi da ke kan taswira.

Sai dai katangar ba ta hana mai ƙarfi tsallakawa. A yankin Bronx na birnin New York, inda 'yan Afirka ta Yamma da yawa ke zaune, har da Hausawa, an gina sabon filin wasan ƙungiyar ƙwallon baseball ta Yankees a kan filayen shaƙatawa na Macombs Dam da Mullaly, sama da eka 20. Macombs Dam ya taɓa cin gajiyar asusun LWCF, don haka sai da aka nemi amincewar tarayya, aka kuma samu a 2006. An buɗe sabon filin Yankees a 2009, amma filayen ƙwallon jama'a da aka yi a gurbin tsohon filin wasan Yankees, waɗanda ake kira Heritage Field, sai 2012 aka buɗe su a hukumance, wani ɓangaren madadin kuma a saman ginin ajiye motoci aka shimfiɗa shi. Doka ta sa an biya unguwar, amma yaran da ke makarantar firamare lokacin da aka kewaye filinsu sun yi shekaru ba su da shi. Inda nake ganin gyara ya kamata shi ne a ce madadi ya kammala kafin a taɓa na asali.

Akwai wani rauni kuma a sharaɗin rabi da rabi. Garin da ke da masu biyan haraji da yawa, da ma'aikacin da aikinsa ke nan rubuta takardun neman tallafi, shi ke saurin cin moriya. Matalauciyar unguwar da ta fi kowa buƙatar inuwa da filin wasa ita ce ba ta da rabin da za ta ajiye. Don rage wannan giɓi ne aka ƙirƙiro shirin ORLP a 2014 a ƙarƙashin asusun, wanda ake gasarsa a faɗin ƙasa, aka keɓe shi ga unguwannin birane marasa galihu. Ya taimaka, amma shi ma a kan tsarin ciko yake tafiya.

Mai neman kuɗin turba yana da wata ƙofar daban, shirin Recreational Trails Program, wato RTP, wanda ya samo asali daga dokar sufuri ta 1991, hukumar manyan hanyoyi ta tarayya ke kula da shi. Kuɗinsa daga harajin man fetur ne, a madadin abin da masu babura da motocin daji da na kan dusar ƙanƙara ke biya alhali ba kan titi suke hawa ba. Asusun ƙarami ne, wajen dala miliyan 84 a shekara ga ƙasar duka, amma ya fi sassauci. Tarayya kan biya har kashi 80 cikin 100, ana iya gyara tsohuwar turba da shi, kuma jihohi da yawa suna barin ƙungiyoyin sa-kai su nema da kansu. Doka ta ce jiha ta kashe kashi 30 a kan turbobin masu inji, kashi 30 a kan na masu tafiya a ƙafa da keke da doki, kashi 40 a kan waɗanda ake amfani da su ta hanyoyi daban-daban, kuma ta kafa kwamitin ba da shawara mai wakilan ɓangarorin biyu. Shi ma biya ake fara yi sannan a karɓa. Kuɗin RTP yana cikin 'yan kuɗaɗen tarayya da aka yarda a yi ciko da su a aikin LWCF, don haka garin da zai fitar da turba a cikin wurin shaƙatawa yana iya haɗa asusun biyu a aiki ɗaya, idan ofishin jiharsa ya amince kuma lokutan karɓar takardun sun zo kusa da juna.