Lissafin Musanya: Yadda Gona Take Komawa Harde

Duk wanda ya zaga karkarar Marwa, a arewacin Kamaru, da rani ya ga filin da ƙasarsa ta daskare kamar daɓe, ko ciyawa ba ta fitowa. Fulani na kiransa harde. Dalilan suna da yawa, amma a wasu wurare laifin sodiyam ne, sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa, kuma akwai lissafin da ke nuna yadda yake mamaye ƙasa.

Wace musanya ake nufi?

Ƙwayoyin yumɓu suna da cajin lantarki da ke jawo kalsiyam, magnesiyam, fotasiyam da sodiyam su manne musu. Gurbin a ƙidaye yake, kamar motar haya da ta cika: sai wani ya sauka wani zai hau. A 1850 Turawan Ingila biyu, Thompson da Way, suka nuna haka. An zuba ruwan gishirin amoniya a kan ƙasa, da ya tsiyayo sai aka tarar amoniyar ta maƙale, kalsiyam ya fito a madadinta.

To, ina lissafi ya shigo?

Kalsiyam caji biyu gare shi, sodiyam ɗaya, don haka in kalsiyam guda ya sauka, sodiyam biyu ke cike gurbinsa. A 1933 masanin Tarayyar Sobiyet, Gapon, ya rubuta wannan da lambobi, kuma daga nan aka samo ma'aunin ruwan ban ruwa da ake kira SAR, mai nuna yawan sodiyam idan aka kwatanta shi da kalsiyam da magnesiyam. Za a haɗa kalsiyam da magnesiyam na ruwan, a raba biyu, a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan sakamako, wato tushensa, sannan a raba sodiyam da ita.

A ce ruwan wata rijiya yana da sodiyam 6, kalsiyam da magnesiyam 8, bisa awon caji a kowace lita. Rabin 8 shi ne 4, tushen 4 kuwa 2, ke nan SAR ya zama 3. Ruwa mai kyau.

In ruwan mai kyau ne, me ke ɓata gonar?

Rana. Nan ne lissafin ya fi burge ni. Bari zafin watan Afrilu ya shanye kashi uku cikin huɗu na ruwan nan a cikin ƙasa. Sodiyam ya koma 24, sauran biyun 32. Rabin 32 shi ne 16, tushensa 4, SAR ya zama 6. Ba wanda ya ƙara ko ƙwayar gishiri, kowane sinadari ninki huɗu ya yi daidai wa daida, amma sodiyam ya ninka ƙarfinsa a kan yumɓu. In kuma ruwan mai kanwa-kanwa ne, kalsiyam yakan daskare ya zama farar ƙasa, ya bar wa sodiyam fage.

Da zarar sodiyam ya kama kusan kashi 15 cikin 100 na gurabun, yumɓun yakan warwatse ya toshe ƙofofin ƙasa. Ruwan sama ya kwanta a kai, in ya bushe fartanya ta riƙa tsalle.

Lissafin ba ya kuskure?

Yana yi. Ya ɗauka ruwa da yumɓu sun gama daidaitawa, alhali a ƙasar karal, wato yumɓu mai tsagewa da ake dasa masakwa, ruwan farko ta cikin tsagogi yake zurarewa, bai ko taɓa cikin ɓangoran ba. Lambar da ke nuna yadda yumɓu ke kama sodiyam a lissafin Gapon ma tana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai an auna.

Akwai magani?

A juya musanyar. Ana barbaɗa jibsam, wanda kalsiyam ne da salfet, ya kori sodiyam daga yumɓu, sannan a ba da ruwa mai yawa ya wanke shi. Sai dai in babu magudanar da ruwan zai fita, sodiyam ɗin yana nan ƙarƙashin saiwa, rani na yi zai sake hawowa.