Waiwaye: Inda bangaza ke komawa ƙeta a hokin ƙanƙara

A hokin ƙanƙara, bangazar abokin karawa ba laifi ba ne. Doka ta yarda ɗan wasa ya sa kafaɗa ko ƙugu ya banke wanda ke jan ɗan faifan robar da ake bugawa, har ya maka shi da bangon fili, 'yan kallo su ɓarke da sowa. Gardamar ita ce a ina bangaza ke tsayawa, ƙeta ta fara. Gasar NHL ta Amurka da Kanada ta fi shekara 90 tana wannan ja-in-ja, kuma duk wanda ya bi tarihin zai ga ba a cika gyara doka ba sai an kwashi wani ranga-ranga.

A watan Disamba na 1933, a Boston, Eddie Shore ya auka wa Ace Bailey na Toronto ta baya. Kan Bailey ya daki ƙanƙara, ƙoƙon kansa ya tsage, daga ranar bai sake wasa ba. Shore ya sha dakatarwar wasa 16. A 1968 Bill Masterton na Minnesota ya faɗi da ka bayan an banke shi, ba hular kwano, ya rasu a asibiti. Sai da aka shekara 11 sannan aka wajabta hular, ita ma ga sababbin shiga kawai.

Ɓarnar da take a fili ba ta da wuyar hukunci. Lokacin da Todd Bertuzzi ya naushi Steve Moore ta baya a 2004, ƙasusuwan wuyansa suka karye, har kotun Vancouver maganar ta kai. Abin da ya fi damuna shi ne bugun da doka ta halatta. A 2000 Scott Stevens na New Jersey ya tarbi Eric Lindros da kafaɗa a ka, Lindros ya zube, alƙalin wasa bai ga laifi ba. A shekarar Stevens ya karɓi kyautar gwarzon wasannin neman kofi. An yi ta maimaita hoton a talabijin ana yabon jarumta, ga mutum kwance ƙwaƙwalwarsa ta jijjigu.

Sai a 2010, da Matt Cooke ya bugi Marc Savard a ka ta gefen da ba ya gani kuma ya tafi salin-alin, aka kafa doka ta 48 mai hana irin wannan bugu. A 2011 aka faɗaɗa ta, aka buɗe sashen kula da lafiyar 'yan wasa ƙarƙashin Brendan Shanahan.

Masu son tsohon salo suna cewa za a lalata wasan, wai tsoron ƙattin da ake ajiyewa don dambe shi ke hana ƙeta. To, uku daga cikin irin waɗannan ƙatti sun mutu cikin 'yan watanni a 2011: Derek Boogaard, Rick Rypien da Wade Belak. Boogaard yana da shekara 28, kuma masu bincike a Jami'ar Boston sun sami cutar CTE a ƙwaƙwalwarsa, wadda ake dangantawa da yawan dukan kai.

A 2018 NHL ta sasanta da tsofaffin 'yan wasa sama da 300 da suka kai ta ƙara, kan kusan dala miliyan 19, ba tare da ta amsa laifi ba. Har yau dambe a fili hukuncinsa zaman minti 5 ne a benci, alhali a gasar Olamfik korar mutum ake yi daga wasan.