Fankshin mai karɓar agumen ko nawa ne: amsoshin da nake ta maimaitawa

Masu koyon rubuta manhaja a Kumasi, daga Aboabo har jami'ar KNUST, waɗannan tambayoyin kuke ta dawowa da su. Ku karanta kafin ku sake turowa.

Malam, ɗigo ukun nan (...) da ake sawa cikin bakan fankshin na mene ne?

Alama ce cewa fankshin zai karɓi agumen, wato abubuwan da ake ba shi ya yi aiki da su, ko nawa aka miƙa masa. printf na C ma haka yake aiki.

A C, yaya fankshin yake sanin adadin da aka ba shi?

Bai sani ba. Kai za ka gaya masa: ko ka sa adadin a agumen na farko, ko ka rufe jerin da NULL. Idan ka kira va_arg, wanda ke ɗauko maka agumen ɗaya bayan ɗaya, fiye da abin da aka miƙa, zai kwaso duk tarkacen da ya tarar a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kwamfaila kuma ba lallai ya yi maka gargaɗi ba. Kada ka manta ka kira va_end in ka gama ɗauko su.

Na miƙa farashi sidi 12.5 a float, shirme ya fito.

Saboda C yana mayar da float ya zama double kafin ya shiga ɗigo uku, char da short kuma su zama int. Nemi double a va_arg. Wannan na darasin farko ne, ɗan'uwa.

A Java na ba Arrays.asList jerin lambobi biyar, ya ce abu ɗaya ne a ciki. Me ya faru?

To, nan kam ba laifinka ba ne, ko ƙwararru yana kama su. Tun Java 5, a 2004, ɗigo uku jeri ne a ɓoye: kwamfaila yana tattara agumen ɗinka ya zuba su a T[]. Amma T, wato nau'in abin da ke cikin jerin, ba ya iya zama int, sai Integer. Saboda haka da ka miƙa int[], sai ya ɗauki jerin gaba ɗaya a matsayin abu guda. Da Integer[] ka ba shi, da biyar ɗin sun fito.

Gyaran ya danganta da abin da kake so. Idan lambobin kaɗan ne, rubuta su ɗaya bayan ɗaya, ko ka koma Integer[]. Idan suna da yawa kuma Java 8 kake ko sama, bi ta Arrays.stream da boxed, ko da yake hakan yana cin ƙwaƙwalwa. Sannan ka sani, abin da asList ya dawo da shi ba a ƙara masa komai, kana kiran add zai jefo maka kuskure. Kana son ƙari, zuba shi a sabon ArrayList.

Kwamfailan Java yana yi mini gargaɗi a kan fankshin mai ɗigo uku da T. In sa @SafeVarargs gargaɗin ya tafi?

Gargaɗin zai tafi, haɗarin yana nan. Alkawari ne kake yi cewa fankshin ɗinka karanta jerin kawai yake yi, ba ya rubutu a ciki, ba ya miƙa shi waje. In ba ka duba hakan layi-layi ba, kada ka sa.

Python fa?

*args ake rubutawa a maimakon ɗigo uku. Tuple ne, wato jerin da ba a canza shi, len zai ƙirga maka.