Yana gani sarai, to me ya sa yake cin karo da ƙofa?

Shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kama kawuna a Agege, Legas. Hagunsa ne ya taɓu. Ranar da ya fara takawa da sanda mun yi ta hamdala, mun ɗauka wahala ta ƙare. Sai ga shi kullum kafaɗarsa ta hagu tana dukan ƙyauren ɗaki, ya yi ɓari da buta, ya tattake takalman mutane a ƙofar masallaci. Wasu a gida suka ce gaggawa ce, wasu suka ce ido ne. Tambayoyin da ke ƙasa su ne na riƙa yi wa masu gashi a asibiti, wato ma'aikatan da ke motsa gaɓoɓin majinyaci, su ne kuma 'yan'uwa daga Mile 12 da Alabarago suke yi mini yanzu idan nasu ya kwanta.

Ƙafa da hannu ne suka shanye, me ya kawo cin karo da abubuwa?

Ciwon ba a ƙafa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Jijiyar jini ce take toshewa ko ta fashe, galibi sanadin hawan jini, sai wani yanki na ƙwaƙwalwa ya lalace. Ɓarin dama na ƙwaƙwalwa shi ke tafiyar da hagun jiki, na hagu kuma ya tafiyar da dama. Ita ƙwaƙwalwar nan ba motsa gaɓoɓi kaɗai take yi ba. Duk takun da mutum zai yi sai ta auna nisan abin da ke gabansa, da faɗin jikinsa, da inda ƙafarsa take a daidai wannan lokaci.

Mai lafiya bai ma san yana wannan lissafi ba. A 1987 wasu masana a Amurka, Warren da Whang, suka sa mutane suna ratsa ƙofofi masu faɗi daban-daban. Suka ga muddin faɗin ƙofa bai kai na kafaɗun mutum da ƙarin kusan kashi ɗaya cikin uku ba, da kansa yake karkata kafaɗa ya wuce. Ma'aunin nan ne ciwon yake rikitawa.

Me ya sa kullum gefe ɗaya yake bugewa?

Abu uku ne suke kawo haka, kuma bai kamata a haɗa su a kwano ɗaya ba.

Na farko shi ya fi ban tausayi, shi ne kuma ya sami kawu. Idon lafiya lau yake, amma hankali ya yi watsi da ɓari guda na duniya, yawanci hagu, domin an fi samunsa idan ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu. Za a ajiye masa tuwo ya cinye na dama ya ce ya ƙare. Zai gyara gemu rabi ya bar rabi. Ka tsaya ta hagunsa ka yi sallama, ya amsa yana duban dama. Ba ya jin cewa wani abu ya ɓace masa. A wurinsa duniyar ke nan gaba ɗayanta. Ranar da na ga kawu ya bar rabin abincinsa yana tambayar ko da ƙari, ranar na daina yi masa ƙorafi a kan ƙofa.

Na biyu raunin gani ne na gaske: rabin abin da ido ke hangowa ya tafi, a idon dama da na hagu duka, ta gefe ɗaya. Irin wannan mutum sau da yawa yakan gane abin da ya same shi, ya koyi juya kai.

Na uku a jiki yake. Ƙafar da ta shanye ba ta aika wa ƙwaƙwalwa sahihin labarin inda take. Ga shi yatsunta suna faɗuwa ƙasa, sai mutum ya riƙa wurga ta gefe kamar lauje don kada ta ja ƙasa. Ga sanda a ɗaya hannun. Filin da yake bukata ya ƙaru, amma har yanzu da tsohon jikinsa yake aunawa.

Za mu iya gane wanne ne a gida?

Za ku iya ganin alama. Ku ja layi a takarda ku ce ya sa ɗigo a tsakiya. Mai watsi da hagu zai sa shi can dama. Ku ce ya zana agogo, za ku ga lambobin sun cunkushe a gefe ɗaya. Ku kai takardar wa likita, shi zai tantance, har ya tura ku a gwada faɗin ganinsa.

Mun gaya masa yana bugewa, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ba taurin kai ba ne?

A'a. Rashin sanin cewa ɓarin ya taɓu shi ma daga ciwon yake, kuma wani likitan Faransa mai suna Babinski ya ba shi suna tun 1914. Faɗa ba ya gyara shi, sai dai ya karya wa dattijo zuciya. Abin da ya yi mana amfani shi ne tuni cikin ladabi. In taɓa kafaɗarsa in ce, "Kawu, ku ɗan waiwayi hagu, akwai benci." Ya waiwaya, ya gani da kansa.

Me ya sa yake tsayawa cak idan an gaishe shi a hanya?

Tafiyar da a da take zuwa da kanta yanzu tana cinye hankalinsa duka. Ka ƙara masa magana, sai ɗaya ta ba ɗaya wuri. A 1997 masu bincike a Suwidin sun nuna cewa tsofaffin da ke tsayawa idan an yi musu magana suna cikin tafiya sun fi faɗuwa a watannin da suka biyo baya. Mu kuwa mutanen gaisuwa ne, daga gida zuwa masallaci sai a tare shi sau goma ana "ya jiki, Alhaji". Ku bar shi ya tsaya ya dafa sandarsa, a gaisa a natse, sannan ya ci gaba. Waya kuma a aljihu.

Da irin hanyoyin Legas, ba gara a bar shi a ɗaki ba?

Na fahimci tsoron, don na yi shi. Kwata a buɗe, an gitta mata katako ɗaya. Mai baro ya taho da buhun albasa yana "a ba da hanya", danfo, wato motar bas ta haya, ta kutso gefen titi, mai Keke ya ɓullo daga lungu. Abin da ke tsaye, kamar turken lantarki, da sauƙi. Mai motsi ne matsala, domin sai an kintaci inda zai kai cikin daƙiƙa biyu, ga ƙafa ba ta saurin canja taku. Idan damina ta sauka ruwa ya shafe bakin kwata, mai lafiya ma laluben hanya yake.

Duk da haka ban yarda da kulle mutum ba. Zaman ɗaki yana ƙara sanyaya ƙafa, yana kawo ƙunci, kuma ƙwaƙwalwa ba ta koyon hanyar da ba ta bi. Mataki-mataki ake yi. A fara da barandar gida, sai layin unguwa da hantsi bayan cunkoson safe ya lafa, sai masallaci. Mai rakiya ya tsaya ta ɓarin da ya shanye, ɗan baya kaɗan, kada ya ja hannun da ya mutu, don kafaɗar tana iya gocewa. Sanda a hannu mai ƙarfi. A matakala, ƙafa mai lafiya ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka. Kafin ya tsallaka ko ya shiga ƙofa, ya tsaya ya juya kai daga dama har ƙarshen hagu. Kasuwar Mile 12 da gadojin ƙafa na kan babban titi kuwa, a bar su sai mai gashi ya ce lokaci ya yi.

A cikin gida fa?

Nan aka fi faɗuwa, musamman hanyar banɗaki da dare. A gidajen haya irin namu baranda cike take da bokiti da risho da takalma; a roƙi maƙwabta su bar hanya. A naɗe darduma bayan salla, a tanadi fitila mai caji saboda ɗauke wuta, a daina silifas a koma takalmi mai kama dunduniya. Mu mun manna jan tef a gefen hagu na ƙofar ɗakinsa, muka ce ya nemi jan kafin ya shiga.

Yana warwarewa? Ina za mu kai shi?

Sauƙi ya fi zuwa da sauri a wata uku zuwa shida na farko, don haka kada a ɓata su ana jira. Bayan nan ma ana ci gaba da samu, a hankali. Akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Idi-Araba, da na jiha a Ikeja, da asibitin ƙashi na Igbobi. Ku faɗa musu ƙarara cewa yana cin karo da abubuwa ta gefe ɗaya, kada ku tsaya a "ƙafa ba ƙarfi". Suna da atisayen koyar da duba gefe da tsallake abu, da kuma abin ɗaure idon sawu da ke hana yatsu jan ƙasa. Maganin hawan jini kada a bari ya yanke. Idan kuma baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti nan take, ko a kira lambar gaggawa, 112 ko 767.

Kawu yanzu yana zuwa Azahar da La'asar da ƙafarsa, jikansa na biye da shi ta hagu. A bakin katakon kwata har yau sai ya tsaya, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sa sanda tukuna.