Gwajin jinin tantance lafiyar ɗan tayi: me yake nufi?

Duk matar da ta fara awo a Legas ta san za a ɗebi jininta a duba yawansa, rukuninsa, sikila, ciwon hanta da ƙanjamau. Akwai kuma wani gwajin jini na daban da likita kan kawo maganarsa, musamman ga wadda ta kai shekara 35 ko ta taɓa haihuwar yaro mai larura. Shi ake kira gwajin tantance lafiyar ɗan tayi. A hannun uwa ake ɗibar jinin, amma labarin abin da ke cikinta ake nema.

Mabiyiya da ɗan tayi suna zuba wasu sinadarai cikin jinin uwa. Idan ma'auninsu ya hau ko ya sauka fiye da yadda aka saba gani, alama ce ta a ƙara bincike. Abin da aka fi nema shi ne larurar Down, wadda wasu ke kira galahanga, inda yaro ke zuwa da kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin halittar da ake gado daga iyaye) na 21 guda uku maimakon biyu, sai 'yan uwanta biyu da suka fi ta tsanani, Edwards da Patau. Ana kuma neman alamar buɗaɗɗen ƙashin baya.

Kowane gwaji da lokacinsa. Tsakanin mako na 11 da na 14 ana haɗa gwajin jini da hoton ciki mai auna ruwan da ke ƙeyar ɗan tayi. Daga mako na 15 zuwa wajen na 20 akwai mai auna sinadarai huɗu, cikinsu har da AFP, wani sinadari da jikin ɗan tayi ke samarwa, wanda hawansa ke nuna yiwuwar matsalar ƙashin baya. Sabon cikinsu shi ne NIPT, mai duba ƙwayoyin halittar ɗan tayi a jinin uwa, da ake yi tun daga mako na 10. Asalinsa binciken masanin kimiyya Dennis Lo ne na 1997, wanda ya gano ɓurɓushin ƙwayoyin halittar ɗan tayi na yawo a jinin uwa, kuma a 2011 aka fara amfani da shi a asibitoci. Ya fi sauran faɗar daidai nesa ba kusa ba, sai dai akwai tsada.

Inda hankalin mutane ke tashi shi ne ranar karɓar sakamako. Takardar ba ta cewa yaro yana da larura ko ba shi da ita. Lissafi take bayarwa, kamar 1 cikin 100 ko 1 cikin 2,000. Matar da aka rubuta mata 1 cikin 100 za a ce mata haɗarinta yana da yawa, alhali ma'anarsa ita ce cikin mata 100 masu irin sakamakonta, 99 'ya'yansu ba su da wannan larurar. Kuskuren lissafin watannin ciki kaɗai kan iya karkatar da ma'aunin AFP, haka ma tagwaye. A ganina, mugun sakaci ne ma'aikaci ya miƙa wa mace irin wannan takarda ta taga, ta hau danfo zuwa Agege tana kuka, babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Ko NIPT ɗin ma hasashe ne. Mai tabbatarwa shi ne a ɗebo ɗan tsokar mabiyiya, ko ruwan mahaifa da allura daga mako na 15, kuma wannan yana da ɗan haɗarin ɓari, shi ya sa ba a fara da shi.

Sakamako mai kyau ma ba shaidar komai lafiya ba ne. Matsalar zuciya ko tsagewar leɓe sai hoton ciki na mako 18 zuwa 22 ke iya nunawa.

Wasu kan ce, tunda Allah ke halitta, mene ne amfanin sani? Amfaninsa shiri ne. Jaririn da ke da buɗaɗɗen baya yana buƙatar tiyata a kwanakin farko, don haka gara a haife shi a babban asibiti irin asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba da a haife shi a ɗaki a fara neman mota cikin cunkoson Legas. Ba kuma dole ba ne, mace da maigidanta suna da damar cewa ba sa so.

Matsalarmu ita ce al'adar ɓoye ciki sai ya fito. Wadda ta fara awo a wata na shida ta riga ta wuce lokacin gwaji biyun farko. Haka ƙwayar folik asid, mai rage haɗarin matsalar ƙashin baya: tun kafin a ɗauki ciki ake fara shan ta, domin bututun da ke zama laka da ƙwaƙwalwar ɗan tayi yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun samu ba.