Zawon yara da kafso: a daina kashe masu gadin hanji

Ranar awo a asibitinmu, wata uwa ta kwance bakin zaninta ta zube mini magunguna a kan tebur: kwalbar Flagyl, ragowar Ampiclox na ruwa, da kafso ja da yalo da take fasawa ta zuba wa yaro a koko. Yaron wata 9 ne, sati biyu zawo na tafiya yana dawowa. "Malama, haƙori ne, amma duk abin da na ba shi sai ƙaruwa yake yi." Na duba, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, alamar ruwan jikinsa ya ragu. Tausayinta ya kama ni, don ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani.

Mu ma'aikatan lafiya muna da namu laifin. Kullum "ƙwayoyin cuta" ke bakinmu, har jama'a suka ɗauka duk halittar da ido ba ya gani muguwa ce. Alhali a jikin babban mutum mai ƙoshin lafiya akwai bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji. Su ke sarrafa dusar hatsi da ganyen da ciki ya kasa narkarwa, su fitar da abin da bangon hanji ke ci, su haɗa bitamin K mai taimaka wa jini ya daskare. Kuma sun cika wurin maƙil, muguwar ƙwaya in ta shigo da wuya ta sami masauki, kamar gonar da wake ya rufe ƙasa, ciyawa ba ta samun fili.

Jariri yana fara samun nasa tun a hanyar haihuwa, sai nonon uwa ya yi renonsu. A cikin nonon akwai wani irin sukari da jaririn kansa ba ya iya narkarwa, abincin bakteriya masu amfani ne da ake kira Bifidobacterium. Ikon Allah ke nan. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an matse dakashi an zubar wai ƙazanta ne, ko an ɗura wa jinjiri ruwa da jiƙo kafin ya cika wata 6.

Maganin kashe bakteriya, irin su Flagyl, Ampiclox da kafson da uwar nan ta zube, bai san ɗan gida ba, bai san baƙo ba. Yawancin zawon ruwa na ƙananan yara bairos ne ke kawo shi, wato wata ƙwayar cuta dabam da bakteriya, irin su rota, kuma wannan magani ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Kin ga an kashe masu gadi, ɓarawo yana nan daram. Hanjin kan ɗauki makonni, wani sa'in watanni, kafin ya farfaɗo, ƙwayoyin da suka tsira kuwa su ne waɗanda suka daina jin magani. An kiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a duniya saboda cututtukan da suka bijire wa magani irin wannan, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa illa.

Uwar nan na ce ta ajiye kwalaben. Muka haɗa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ta riƙa ba shi cokali-cokali a gabana, na ba ta ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Na roƙe ta kada ta janye nono ko abinci, ta ci gaba da kunun gero, dafaffen wake da aka murje, ɗan zogale, da kindirmon da aka tafasa madararsa kafin a kwantar.

Amma idan kika ga jini a kashin yaro, ko ya ƙi kama nono, ko yana amayar da komai, ko zazzaɓi ya yi zafi, ko ya yi lagwas ba ya farkawa sosai, kada ki biya ta kemis. Ki goya shi ki kawo asibiti a ranar, ma'aikaci ya duba ya ga ko yana bukatar maganin, da wanne, da kwana nawa.